Hoto Goma Sha Biyu a Sakan

Bidiyon sakan goma sha tara ne kacal, ko murya babu a cikinsa, amma kafin a tashi daga aiki ranar Litinin babu wanda bai gan shi ba a benen nan mai hawa huɗu. Masu haya suka yi cirko-cirko a matakala, kowa da waya a hannu, daga mai nuna wa wani sai mai cewa a turo masa.

Abin da ke ciki ba ya bukatar tafinta. Ɗakin Tsoho ne, mai benen, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara biyu ke nan, ta kuma ɗaure masa harshe. Sai ga Nas, matar da ke jinyarsa, ta faɗo ɗakin kamar an jefo ta, ta fizgo shi ta kifa a gefe ɗaya, ta shiga zuba masa duka a baya hannu bibbiyu, har hannun ba ya ganuwa sosai don sauri. Kan tsohon sai kaɗawa yake. Nan ya yanke.

Wata baƙuwar lamba ce ta turo wa Malama, babbar 'yar Tsoho, tana tsakiyar aji. Ta tura wa dangi tana kuka, daga dangi ya tsallake katanga.

Ƙanin Tsoho aka kira, wanda kowa ke ce wa Mai Sawu. Shekara talatin da biyar ya yi a gandun daji yana bin sawun ɓarayin namun jeji, har 'yan sanda kan aro shi in abu ya shige musu duhu. Ana cewa in ya dubi ƙasa zai gaya maka ko mai sawun ya karya kumallo. Tun da ya ajiye aiki, duk abin da ya ɓata a unguwar, daga akuya har babur, ƙofarsa ake ƙwanƙwasawa.

Sau ɗaya ya kalla. Bai nemi na biyu ba, don wanda ake duka a ciki shi ya goya shi suna yara. Ya hau bene, ya tarar da Nas tana wanke wa Tsoho ƙafa, ya ce ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofar gida, gaban masu haya kusan ashirin, ya sa ta zazzage jakar, wai wanda ya iya dukan majinyaci zai iya yi masa sata. Abin da ya zubo shi ne man zafi na gwiwa, gutsuren burodi a leda, da ɗan mataji da take taje wa Tsoho gemu.

Ta ce, "Baba, ban dake shi ba. Bubbuga masa baya nake don majina ta taso. Sau uku kullum, haka likita ya ce."

"Gani ya kori ji, baiwar Allah."

Injiniya, mai gyaran waya a shagon da ke ƙarƙashin matakala, ya ce, "In wannan ce bubbugawa, to dambe ma gaisuwa ce." Aka kwashe da dariya.

Ta durƙusa da ƙyar ta tsince kayanta, ta tafi. Kafin rana ta faɗi Malama ta kai ƙara ƙungiyar masu jinya, suka sa zama ranar Alhamis. In abin ya tabbata za a karɓe takardar aikinta, shekara ashirin da biyu na jinya su bi ruwa, kuma ba gidan da zai sake buɗe mata ƙofa.

*

Washegari da safe Mai Sawu ya zauna gadin yayansa. Ƙirjin Tsoho na gurnani kamar tsohon injin niƙa. An kai cokali bakinsa ya datse haƙora, idonsa na kan ƙofa.

"Yaya, mun kore ta. Ba mai sake taɓa ka."

Hawaye ya gangaro ta idon da ke da sauran rai. Mai Sawu ya ɗauka na godiya ne, ya sunkuyar da kai. To mai bin sawu ko da ya sunkuya don tausayi, idonsa ba ya zaman banza. Hodar da ake barbaɗa wa Tsoho ta zube a kan tayil, hayaniyar jiya ta hana a share, kuma silifas ɗin Nas ya ratsa ta cikinta. Ƙafar dama na sauka tsaf. Ta hagu na jan dunduniya, tana barin 'yar wutsiya a baya. Gwiwar nan ke nan.

Ya ciro waya ya sake kunna bidiyon, amma ya sa babban yatsa ya rufe gadon da hannayen, ya bar ƙafafu kawai. Daga ƙofa zuwa gado taku bakwai ta yi, gajejjeru, dunduniyar hagu ba ta rabu da ƙasa ba ko sau ɗaya. Ya tashi ya gwada da kansa. Da sauri, taku huɗu ne. Mai fushi yana buɗe ƙafa, yana dukan ƙasa da gaban tafi, kafaɗarsa na riga ƙugunsa isa. Wannan kuwa tafiyar mai lallaɓa gwiwa ce, wadda ba ta son tada mai barci. Wani abu ne ya kora ta da gudu, bai kuma iya canza mata taku ba.

Ɗan matajin nan ya dawo masa a ido, yana kwance a ƙasa gaban mutane.

Ya lura da inda aka ɗauko hoton, lungun da ke tsakanin kabad da labule. Ya durƙusa. Ƙurar wurin ta kwana biyu, kuma a cikinta ga tabo uku kamar duwatsun murhu. Biyu zagayen roba ne, na ukun kuwa karce ne na ƙarfe tsirara. Ya ɗauko kwandon wanki ya kifa a kai, ya ce duk wanda ya share lungun nan shi da shi ne.

*

Da Malama ya fara, a kicin, tana dama wa Tsoho abin da ba zai sha ba.

"'Yata, ke da Nas ba kwa shan inuwa ɗaya, kowa ya sani."

"Baffa, ni kake zargi?"

"Ni kowa nake zargi, har kaina. Wa ya shiga ɗakin Yaya a makon da ya wuce?"

"Baƙo ko ɗaya bai shigo ba."

"Me ke haɗa ku faɗa?"

"Taga. Ni in rufe, ita ta buɗe. Gishiri. Ni in sa, ita ta hana." Ta ajiye ludayin. "Ka san gaskiya, Baffa? In na shiga, Baba rufe ido yake. In ita ce sai ya miƙa hannu. Ni da ya haifa! Da na ga bidiyon nan na yi kuka, amma wallahi can ƙasan zuciyata har da wani ɗan sanyi, wai ashe ni ce mai gaskiya. Allah ya yafe mini. Ɗaukar bidiyo kuwa, ni da ɗalibaina ke nemo mini fitilar wayata in ta ɓace?"

Ya dube ta ya ga ƙiyayya akwai, iyawa babu. Ya sauka ƙasa.

Injiniya na sunkuye kan wata waya da aka farke wa ciki.

"Sarkin dariya," in ji Mai Sawu, "na ji Nas ta taɓa sa an kashe maka sifika."

"Sau uku, Baba. Wai kiɗana na hana Tsoho barci. Kiɗan da ko sauro ba ya kora."

"Za ka iya sa mutum ya yi gudu a bidiyo alhali tafiya yake?"

"Ko jikata na iyawa, in da ina da ita." Ya ɗago, dariyar ta ɗauke. "Kai, Baba, kar ka shafa mini kashin kaji. Ranar Juma'a da ake cewa an ɗauka, ina kasuwar kayan waya tun safe, tambayi mai shayi." Ya karɓi wayar ya ƙura ido. "Lambar da ta turo an kashe layin, na gwada tun jiya. Kuma wannan ba hoton waya ba ne, ya yi tsafta da yawa. Masu kyamara za ka tambaya. Ai kana da su a gida, ga Darakta."

Darakta ɗan Mai Sawu ne na fari, mai ɗaukar bidiyon bukukuwa da taruka, ɗan shekara talatin da biyu. Uban ya kira shi nan take.

"Baba, ina wurin aiki. Me za a duba kuma? Bidiyo ai ba ya ƙarya." Ya kashe.

*

Sai ya nufi wurin wanda ya koya wa Darakta sana'ar, tsohon mai kyamarar gidan talabijin da ake kira Ido Ɗaya, don shekara arba'in yana kanne ido a bayan kyamara har idon ya saba, ya ƙi buɗewa sosai. Sun san juna tun lokacin da yakan zo gandun daji ɗaukar giwaye, Mai Sawu na nuna masa hanya.

"Mutumin daji! Yau wace dabbar ce ta ɓata?"

"Mutuncina."

Ido Ɗaya ya daina dariya. Ya zuba bidiyon a kwamfuta, ya kalla sau biyu, sannan ya shiga danna maɓalli ɗaya-ɗaya, hoton na tafiya taku-taku.

"Ka san bidiyo ba motsi ba ne? Hotuna ne a tsaye ake jero maka da sauri, ido ya ruɗu. Irin aikinka ne. Ba ka taɓa ganin tafiyar ɓarawo ba, tabo-tabo kake gani a ƙasa, kanka ya haɗa. Mu a sakan ɗaya hoto ashirin da biyar muke ɗauka, a nuna ashirin da biyar, kowa ya yi tafiyar da Allah ya ba shi. In ka ɗauki goma sha biyu kawai, na'ura ta nuna su da gudun ashirin da biyar, to ka ninka wa kowa sauri. Sakan sha tara ɗin nan naka, a gaske kusan arba'in ne. Tsaya ka gani."

Ya rage gudun rabi.

Nas ta shigo a hankali tana jan ƙafa. Ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗar Tsoho, ta juya shi kamar mai juya ƙwai a kwando. Ta lanƙwasa tafinta kamar kofi, ta fara bubbuga masa baya, daga ƙasa zuwa sama, bakinta na motsi, da alama hira take masa. Kan da ke kaɗawa ɗazu, yanzu gyaɗawa yake.

Mai Sawu ya nemi kujera. Da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

Can ya ce, "To wa ya hanzarta shi? Mai gyaran waya ya ce kowa na iyawa."

"Ba daga baya aka hanzarta ba, a haka aka ɗauka. Dubi hannunta." Ya tsayar da hoto ɗaya. Hannun ya zama shafe, kamar an goge shi da tsumma. "Wannan aikin shata ne, wato ƙiftawar idon kyamara. Kowane hoto, ido ya buɗe ya rufe. In ya daɗe a buɗe haske ya shiga da yawa, amma duk abin da ke motsi sai ya ja wutsiya. Ƙa'idarmu, shata ta ninka yawan hoto. Hoto ashirin da biyar, shata hamsin. Wannan wutsiyar ta shata ashirin da biyar ce, ninkin sha biyu ke nan. Ita ta sa hannun ya yi kama da na mai duka. In ka hanzarta bidiyo daga baya, gudu zai ƙaru, wutsiya ba ta ƙaruwa."

"Wato mai ɗaukar ya san ƙa'ida."

"Ya sani sarai. Ga haske ma. Taga ta ƙone fari fat, fuskar yayanka kuwa daidai. Matar nan ta gifta da fararen kaya, haske bai ko girgiza ba. Waya da ta ga fari sai ta firgita ta rage. Wannan da hannu aka saita, aka kulle. Rashin muryar ma ba cirewa aka yi ba. Irin kyamarorin nan, in ka saukar da hoto haka, kurame suke zama."

"Me zai sa mai hankali ya yi wannan saiti?"

"Duhu. Ɗakin majinyaci ne, ba ka son haska masa fitila a ido. Ka buɗe gilashin kyamara iya buɗewa, bai isa ba. Yaran yanzu sai su tilasta wa kyamara gani, hoto ya cika da tsaki kamar an watsa yashi. Ni na tsani yashin nan. Dabarata ita ce in rage hoto rabi, shata ta samu sarari, haske ya ninka. Ga wanda ke kwance ba ya motsi, ba ka yi asarar komai ba, in dai ka tuna ka mayar da gudun daidai wajen haɗawa. Dabarar tsofaffi ce, ba mai yin ta yanzu. Mutum uku na koya wa. Ɗaya ya rasu. Ɗaya ya bar sana'ar, babbar mota yake ja. Na ukun..."

Ya cire tabarau ya shiga gogewa da bakin riga, gogewar da ba ta ƙarewa.

"Kai ka kawo mini shi da hannunka, mutumina."

Baƙo ko ɗaya bai shigo ba. Haka Malama ta ce, shi kuma ya karɓa ya wuce. A daji, abu na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne ya haddace sawun 'yan tawagarsa, don in ya gan su a ƙasa ya tsallake. Shekara talatin da biyar yana tsallake sawun nasa, har idonsa ya daina ganinsu.

*

Ranar Laraba da safe ya je gidan Nas. Ya same ta tana shanya fararen kayan aikinta, maƙwabta na leƙe ta taga. Ta ba shi kujera, ta kawo masa ruwa. Da zagi ta yi masa da ya fi sauƙin haɗiya.

Bai iya ɗaga ido ba. Ya ce da ƙasa, "Me ya haɗa ki da ɗana?"

Ta daɗe tana matse rigar da ta riga ta matsu.

"Wata biyar bai leƙo Tsoho ba. Na haɗu da shi a matakala da abokan aikinsa, na ce, Darakta, ka ɗauki bikin duniya kaf, ba ka da hoton yayan babanka ko na minti ɗaya. Sai ya mutu za ka zo da kyamara? Bakina ya yi tsawo, Baba, na sani. Gaban mutane ne."

"Kin san shi ne?"

"Ranar Juma'a da na dawo daga kantin magani na ga takalminsa a ƙofa, na ji muryarsa a baranda yana waya. Kyamara dai ban gani ba."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In gaya wa wa? Kai kake zazzage jakata."

Ya riƙe kofin ruwan da hannu biyu.

Ta ce, "Ana juya Tsoho duk bayan awa biyu? Ya ci wani abu?"

Ya ajiye kofin, ya roƙe ta ta zo gidan da yamma.

*

Da yamma ya tara su a ɗakin Tsoho. Ga Malama, ga Injiniya, ga Ido Ɗaya da kwamfutarsa, ga masu haya huɗu cikin waɗanda suka fi kowa dariya ranar Litinin. Nas ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙi shiga. Tsoho na ganinta ya fara ƙoƙarin ɗaga hannu. Darakta ne ya zo ƙarshe, kyamara a wuya, sandar kafa ta mai ƙafa uku a kafaɗa, don ubansa ya ce masa za a ɗauki shaidar Malama saboda zaman gobe. Da ya ga malaminsa sai ya tsaya cak.

Ido Ɗaya ya nuna bidiyon yadda ya yaɗu, sannan ya nuna shi a gudunsa na gaskiya. Injiniya ya cire hularsa yana murzawa. Malama ta toshe baki da mayafi.

Mai Sawu ya ce, "Ba a daki Yaya ba. Matar nan aka daka, kuma ni na riƙe ta aka daka. Saura wanda ya miƙo sandar. 'Yata tana da haushi, ba ta da iyawa. Injiniya yana da iyawa, amma ba ya nan, kuma ba aikin waya ba ne." Ya je lungu ya ɗaga kwandon. "Darakta, zo ka kafa mana a nan."

"Baba, hasken wurin ba kyau."

"Ka rage hoto zuwa sha biyu mana."

Darakta ya dubi malaminsa, malamin ya dubi rufi. Ya taka kamar mai tafiya cikin ruwa, ya ware ƙafafun har ƙarshe yadda ya saba, ya sauke. Biyu suka zauna cikin zagayen robar. Ta ukun, wadda robarta ta faɗi tun bara, ta kwanta cikin karcen kamar an auna.

Ya durƙusa a wurin.

"Wallahi Baba ba don haka na ɗauka ba. Maganarta ce ta hana ni sukuni, na ce bari in zo in ɗauki Baba Babba. Ka san in ya ga kyamara hankalinsa na tashi, shi ya sa na ɓoye ta, na bar ta tana aiki na fita baranda. Shi kaɗai na saita wa, yana kwance. Ban kawo za ta shigo ba. Da na zuba a kwamfuta na ga yadda ya fito, dariya ma na fara yi. Sai na tuna matakala. Na yanke farko da ƙarshe, na tura da tsohon layina. Na ɗauka Yaya Malama za ta wanke ta kawai, ta ji yadda na ji. Da ya bazu, kowace awa na ce yanzu zan faɗa, kowace awa ya ƙara nauyi."

"Ina sauran?"

Ya zaro memorin kyamarar daga aljihun riga. Kwana biyar yana yawo da shi a kan ƙirji. Ido Ɗaya ya sa. Bayan bubbugawar Tsoho ya yi tari, Nas ta tara masa tawul, ta goge masa baki, ta gyara filo. Ta ciro ɗan matajin ta taje masa gemu. Shi kuma ya kama wuyan hannunta da hannunsa mai rai, bai saki ba har hoton ya ƙare.

Malama ce ta fara magana, murya ƙasa-ƙasa. "Baffa, a rufa asiri. A ce kuskuren na'ura ne. Ita ta fita, shi ma ya fita. In aka ji, wa zai sake kiransa aiki?"

Ido Ɗaya ya ce, "Rabin maganar gaskiya ce. Zan iya tsayawa a kan rabin."

Mai Sawu ya dubi ɗansa. Ya tuna ranar da ya saya masa kyamara ta farko, yaron ya kwana da ita a ƙarƙashin filo. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya dubi bakin ƙofa, inda Nas ke tsaye da jakarta, ta riƙe ta gam a gaba kamar za a sake cewa ta zazzage.

Ya ce, "Na'ura ba ta sayen layi. Na'ura ba ta yanke farko da ƙarshe. In muka ce kuskure ne, gobe wani zai ce ba a rasa abin da ta yi ba, an dai rufa mata. A bakin ƙofa na zazzage jakarta, a bakin ƙofa za mu zazzage tamu. Tashi."

Suka sauka, uba a gaba ɗa a baya. Injiniya ya bi ɗaki-ɗaki yana kiran mutane, wannan karon ba raha. Darakta ya faɗi nasa da bakinsa, ba a bar shi ya tsallake ko kalma ba. Sannan Mai Sawu ya cire hula, abin da ba wanda ya taɓa gani, ya ce shi da ake kira ya karanta ƙasa, sakan sha tara suka makantar da shi, ya kira mai amana ɓarauniya. Ya juya wajen Nas ya nemi gafara. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce, "A ba Tsoho ruwa da cokali, kaɗan-kaɗan, kar ya shaƙe."

*

Zaman Alhamis bai kai rabin awa ba. Aka kalli cikakken bidiyon, aka saurari Darakta, aka miƙa wa Nas takardarta. Mai Sawu ya sa ɗansa ya saki na gaskiyar ta duk hanyar da na ƙaryar ya bi. Na ƙaryar dubbai suka kalla. Na gaskiyar, Injiniya ya duba bayan kwana biyu, ya ce bai kai mutum sittin ba, kuma goma a ciki shi ne. Darakta kuwa biki uku aka janye masa a mako guda.

Nas ba ta dawo aiki ba. Wani gida ya ɗauke ta a can gefen gari, inda ba a san bidiyon ba. Malama ta roƙa, ta aika, ta je da kanta, Nas ta ce a yi haƙuri, ƙafarta ba za ta iya wuce ƙofar nan kullum ba.

Amma ranar Asabar ta zo sau ɗaya, don ƙirjin Tsoho bai daina gurnani ba, kuma sabuwar mai jinya sai Litinin. Ta ajiye jaka, ta ce wa Mai Sawu ya naɗe hannun riga. Ta nuna masa inda zai sa hannu ya juya yayansa. Ta kama tafinsa mai kaushi ta lanƙwasa shi kamar kofi.

"Daga ƙasa zuwa sama. Kar ka taɓa ƙashin baya. Ka riƙa yi masa magana."

Ya fara. Ya rasa abin da zai ce wa Yaya, sai ya shiga ba shi labarin wata giwa da ta taɓa kora su da Ido Ɗaya. Labarin ya ɗauke masa hankali, hannunsa yana ta ƙara sauri bai sani ba.

Ta riƙe masa wuyan hannu.

"A hankali, Baba. Wani in ya gani sai ya ce dukansa kake."